Idan ananse ya fito: abin da za a yi daga ranar farko har fata ta warke

Tunda mutanen Aboabo, unguwarmu a Kumasi, sun san aikin jinya nake yi, da wuya wata ya ƙare ba a tare ni a bakin ƙofa ko a gidan suna ba, a ja ni gefe, a ɗage riga a nuna min ƙuraje sun yi layi daga gadon baya zuwa ciki. Wasu kuma hoto suke turo min ta WhatsApp. Tambayar iri ɗaya ce kullum: "Ananse ne ko? Me za mu shafa?" To maganin da ke aiki a kan wannan ciwo na sha ne, kuma ana so a fara shan sa cikin kwana uku da fitowar ƙurajen. Yawancin waɗanda nake gani sun riga sun cinye kwanakin nan a wajen shafe-shafe. Shi ya sa na zauna na jera matakan bi da bi, yadda nake faɗa wa 'yan'uwana.

Sunan daga bakin Tonawa, wato Asante, muka are shi, ma'anarsa gizo-gizo. Gizo bai taɓa kowa ba. Ƙwayar cutar ƙarambau ce da mutum ya yi tun yana yaro take farkawa.

1. A tabbatar ananse ne

A sa mai ciwon ya tsaya inda akwai haske, a duba gaba da baya. Abu uku ake nema. Na farko, ƙurajen a gefe ɗaya suke, dama ko hagu, sun tsaya cak a tsakiyar jiki kamar an ja musu layi. Na biyu, tsibi-tsibi suke fitowa, ƙananan bororo masu ruwa a kan fatar da ta yi duhu ko ta kumbura. Ja ɗin da littattafai ke faɗa ba kullum yake nunawa a baƙar fata ba, kar a jira shi. Na uku, a tambaye shi ko wurin ya yi masa raɗaɗi, suka ko ƙaiƙayi kwana biyu ko uku kafin komai ya fito. Wannan zafin da ke riga ƙurajen shi ne babbar shaida. Idan a haƙarƙarin hagu ne wasu har sukan zaci zuciya ce.

Gargaɗi: akwai wani ɗan ƙwaro mai ja da baƙi da ke zuwa wajen fitila da dare. Idan aka murƙushe shi a jiki yakan bar ƙuna doguwa mai kama da ananse. Nasa ba ya zuwa da zafin share fage, kuma bai damu da tsakiyar jiki ba, yana iya tsallakawa. In an rasa bambancewa, a bar wa likita.

Zancen nan da ake yi cewa idan kan ananse ya zagayo ya haɗu da wutsiyarsa mutum zai mutu, ba shi da tushe. Kowace jijiyar da ta fito daga laka rabin jiki take ciyarwa, ƙurajen kuwa hanyar jijiya ɗaya suke bi, don haka suke tsayawa a tsakiya. Kar a ɓata lokaci wajen zana masa layi da alli ko tawada wai don a tare shi.

2. A rubuta ranar da ƙurji na farko ya fito

A rubuta rana da lokaci a takarda ko a waya, domin daga nan ake ƙidaya sa'o'i 72. Bari in ɗan tsaya a nan, don wanda ya gane dalilin ba zai yi sanya ba.

Ranar da yaro ya shaƙi ƙwayar ƙarambau, ba fata take fara nufa ba. Tana sauka a naman nan biyu na gefen maƙogwaro da likitoci ke kira tonsil, ta shiga cikin wasu fararen ƙwayoyin jini, sojojin garkuwar jiki da ake kira ƙwayoyin T. Su da aikinsu shi ne sintiri, su ne suke goya ta cikin jini su kai ta fata, bayan kwana 10 zuwa 21 ƙarambau ya feso. Yaro ya warke, amma ƙwayar ba ta bar jiki ba. Ta bi jijiyoyi ta je ta laɓe a ƙulle-ƙullen jijiya da ke jere a gefen ƙashin baya da kuma cikin kai.

Ƙwayar tana ɗauke da kundin umarninta na DNA mai babi kusan 70. A maɓoyarta kusan dukkansu a rufe suke, sai ta shekara arba'in, hamsin, ba motsi, ƙwayoyin T suna gadinta. Ranar da gadi ya yi rauni, saboda tsufa ko wata cuta, sai ta shiga buɗe babin nan daki-daki, zango uku. Na farko su ne masu ba da umarni, su ƙwace ragamar ƙwayar jikin da take ciki. Na biyu su ƙera kayan aikin kwafar DNA. Na uku su ƙera kwanson da za a zuba sababbin ƙwayoyi. Daga nan su gangaro ta jijiyar suna ƙona ta, har su ɓullo a fata.

Maganin Aciclovir a zango na biyu yake tare ta. Shi kansa a kwance yake, ba ya komai, sai wani sinadari da ƙwayar cutar ta ƙera da hannunta ya kunna shi, sannan ya shiga cikin sabon DNA ɗin da ake kwafa ya datse shi. Ke nan sai tana tsaka da hayayyafa yake cin ta, hayayyafar kuma a kwanakin farko ta fi ƙarfi. Idan ta gama ɓarnarta ta lafa, maganin ba shi da abin kamawa. Haka kuma ba ya taɓa wadda ke laɓe.

Gargaɗi: wucewar kwana uku ba dalilin zama a gida ba ne. Idan sababbin ƙuraje na ci gaba da fitowa, ko ciwon a fuska yake, ko mutum tsoho ne, ko garkuwarsa ta yi rauni, likita zai ba da maganin ko da an makara.

3. Alamomin da ba a jira gari ya waye

Idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, a tari pragya, wato keke mai ƙafa uku, ko tasi a tafi a daren, in abin ya yi tsanani a kira 112:

Ƙuraje a goshi, fatar ido, ko kan hanci. Na kan hanci ya fi tayar min da hankali, domin jijiyar da ke zuwa can ita ce ke zuwa ƙwayar ido, kuma ananse na makantarwa. Wannan na likitan ido ne, asibitin Komfo Anokye kuma yana da sashen ido.

Ƙuraje a cikin kunne tare da karkacewar baki, jiri ko raguwar ji.

Ƙurajen da suka bazu ko'ina kamar ƙarambau, ko suka fito a gefe biyu.

Zazzaɓi mai zafi, sanƙarewar wuya, ruɗewa, ƙarancin numfashi, ko kasa yin fitsari.

Mai juna biyu, mai shan maganin kansa, da wanda aka san yana da cuta mai karya garkuwar jiki, su ma kar su kwana.

4. Shirin zuwa asibiti

In babu ko ɗaya cikin alamomin can, a yi sammako washegari. Ga mu mutanen Aboabo, Asawase da Alabar, asibitin Manhyia ne a kusa, kuma ananse na gangar jiki ba sai an je babban asibiti ba.

A duba katin inshorar lafiya tun daren. A danna *929# a waya, a nan ake ganin ko katin yana raye, a nan kuma ake sabunta shi da momo, wato kuɗin da ke cikin waya. A zuba duk magungunan da mutum yake sha a leda a tafi da su, har da na gargajiya da na ƙarin ƙiba, domin wasu na ƙibar nan sitiroyid ne, mai kwantar da garkuwar jiki. A sa riga mai faɗi wadda za a iya ɗagewa. A gaban likita a faɗi ranar da aka rubuta, a faɗi in akwai ciwon ƙoda, suga, olsa ko hawan jini, a faɗi gaskiyar abin da aka riga aka shafa.

Gargaɗi, musamman ga ma'aurata: likita zai rubuta herpes zoster a takarda. Na taɓa ganin gida ya kusa tashi saboda wani ɗan boko a cikin dangi ya karanta kalmar farko ya ce ciwon sanyi ne na bin maza. Dangin herpes da aka sani a jikin ɗan Adam takwas ne. Mai fitowa a leɓe da mai fitowa a gaba daban, ta ƙarambau daban. Ananse ba a ɗaukar sa ta kwanciya, daga cikin jikin mutum yake tasowa.

5. Karɓar magani da lissafin ƙwayoyi

A nan aka fi yin asara. Ga babban mutum mai lafiyayyar ƙoda, abin da aka saba rubutawa shi ne Aciclovir, wasu kwalayen an rubuta Acyclovir, miligiram 800 sau biyar a rana, kwana bakwai. A yi lissafin kafin a bar gaban mai ba da magani. Idan ƙwayar mai 800 ce, guda 35 ake bukata. Mai 400, biyu-biyu ake sha, guda 70. Mai 200, huɗu-huɗu, guda 140. Adadin yana ba mutane tsoro, amma haka yake.

Gwaggona ta yi nata shekarun baya, kuma ban ji labari ba sai rana ta biyar. Na same ta zaune a kan tabarma ta karkace, ta saki zani daga ƙugu tana riƙe da shi da hannu don ko gefensa ba ta so ya goge ta. Bayanta an lafta wani baƙin haɗi ya bushe ya tsattsage, ruwa na tsattsafowa ta ƙarƙashi. Na ce, "Gwaggo, ba ku je asibiti ba?" Ta ce, "'Yar nan, ai an sayo min na Bature ma, ga shi can." Na ɗauko ledar. Ƙwaya goma ce mai 200, an rubuta ɗaya safe, ɗaya rana, ɗaya dare. Miligiram 600 ke nan a yini, a inda ake bukatar 4,000. Wani mai shagon magani ne ya ba ta daidai kuɗin da ke hannun yaron da aka aika. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Aciclovir yana cikin jerin magungunan inshorar lafiya, amma akan tarar ya ƙare a ce a saya a waje. In haka ta faru, a je babban shagon magani mai rajista, a tambayi kuɗin kwana bakwai gaba ɗaya, a kwatanta shago biyu ko uku, domin farashin yana bambanta sosai daga kamfani zuwa kamfani. In kuɗin bai kai ba, a sayi cikakken awo na kwana biyu a fara sha nan take, dangi su haɗa sauran kafin ya ƙare. Kar a rage awo don ya daɗe. Akwai Valaciclovir, giram ɗaya sau uku a rana, ya fi sauƙin sha amma ya fi tsada.

Gargaɗi: Aciclovir na shafawa ba ya maganin ananse, na ƙurjin leɓe ne, kar a zubar da kuɗi. Mai ciwon ƙoda kuma likita ne zai rage masa awo, kar ya bi lissafin da ke sama.

6. Shan sa a kan lokaci

Hanji ba ya tsotsar maganin sosai, ƙoda kuma tana fitar da shi cikin 'yan sa'o'i, shi ya sa ake maimaita shi kowane awa huɗu in ana farke. A saita ƙararrawar waya: 7 na safe, 11, 3 na rana, 7 na yamma, 11 na dare.

Da an ce sau biyar, mutanenmu sai su ɗaura shi a kan salloli biyar. Dabara ce mai kyau a ido, amma ba ta dace da nan ba. Daga Asuba zuwa Azahar ya fi awa bakwai, tsakanin Magariba da Lisha kuwa awa ɗaya da 'yan mintuna ne, sannan daga Lisha sai Asuba. Maganin zai taru a wuri ɗaya, a bar wa ƙwayar fili sauran yinin.

A sha ruwa da yawa, kofi cike da kowane awo, domin in jiki ya bushe maganin yana iya taruwa a ƙoda. In an manta awo ɗaya a sha da an tuna, amma kar a haɗa biyu. A ƙarasa kwana bakwai ko da ƙurajen sun bushe. In abin ya faɗo cikin azumi, sau biyar ba ya shiga tsakanin buɗa-baki da sahur. Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame ya rama daga baya, a gaya wa likita da malam halin da ake ciki.

7. Kula da fatar

Kayan aikin kaɗan ne: ruwa mai tsabta, sabulu mara ƙamshi, tawul na mai ciwon shi kaɗai, ruwan kalamin, da bandejin da ba ya mannewa. A yi wanka kullum, a zuba ruwa a wurin da hannu, soso kar ya kusance shi. A ɗan danna tawul a hankali har ya bushe. In zugi ya taso a jiƙa ƙyalle mai tsabta da ruwan sanyi a ɗora na minti goma sha biyar. Kalamin yana rage ƙaiƙayi. A sa riga ta auduga mai faɗi, in wurin yana tsiyaya a rufe da bandeji.

Gargaɗi: kar a fasa bororon. Kar a sa toka, man goge baki, man birki, tafarnuwa, barkono, ko garin kafso da aka buɗe. Duk na gan su da idona. Man bilicin da sauran mayukan ƙaiƙayi masu sitiroyid sun fi kowanne haɗari, domin suna kwantar da garkuwar fata daidai inda ake yaƙin. Ba na hana kowa addu'a ko tofi, a yi, amma a bar gyambon a tsabtace. In wurin ya fara mugunya, wari, ko kumburi mai zafi yana faɗaɗa, wata ƙwayar ce ta shiga, a koma asibiti.

Ƙurajen sukan yi ɓawo cikin kwana 7 zuwa 10, fata ta gama warkewa a sati biyu zuwa huɗu. A bar ɓawon ya faɗi da kansa.

8. Zafin

Kar a yi jarumta. Farasitamol ƙwaya biyu masu 500 kowane awa shida, kar a wuce takwas a yini, kuma a duba kar maganin mura da ake sha ya ƙunshi wani farasitamol ɗin. Ibuprofen da Diclofenac ba na mai olsa, ciwon ƙoda ko tsoho mai hawan jini ba ne sai da izinin likita. In zafin yana hana barci a koma a faɗa, akwai magungunan da aka tanada don zafin jijiya. Tiramol na bayan fage kuwa, mun ga abin da ya yi wa samarin zangonninmu, kar ananse ya zama ƙofarsa.

9. Kare mutanen gida

Ba wanda ke ɗaukar ananse daga wani. Abin da ake ɗauka daga ruwan bororon shi ne ƙarambau, kuma sai wanda bai taɓa yi ba. A gidajenmu na haya, inda ɗaki goma ke wanka a bayi ɗaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Har sai duk ƙurajen sun yi ɓawo, wurin ya kasance a rufe, tawul da soso da zanin gado a ware, mai jinya ya wanke hannu da sabulu bayan kowane taɓi. Kaka mai ananse a baya kar ta goya jika. A nisanci jariri sabon haihuwa, mai cikin da ba ta taɓa ƙarambau ba, da duk mai raunin garkuwa. In mai ciki irin wannan ta riga ta taɓa wurin, ta je wajen awo a ranar ta faɗa, kar ta jira ranar da aka rubuta mata.

In yaro a gidan ya fito da ƙarambau bayan sati biyu ko uku, kar a ba shi asfirin, yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa.

10. A binciki abin da ya raunana gadi

Ga dattijo, shekaru kaɗai sun isa dalili. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin uku a can zai yi ananse a rayuwarsa. Amma matashi ɗan talatin, ko wanda ya yi sau biyu, ko wanda nasa ya ci wuri mai faɗi, ya nemi a auna masa suga da cuta mai karya garkuwar jiki, domin ita wannan cutar ƙwayoyin T ɗin nan masu gadi take cinyewa, kuma sau da yawa ananse ne alamarta ta farko. Gwajin ɗigon jini ne a yatsa, sakamako a ranar, maganin kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. In likita ya kawo zancen, ba zargi yake yi ba, aikinsa ke nan.

11. Bayan ɓawo ya faɗi

Tabon yakan yi duhu ko fari, ya dushe a hankali. Man kaɗanya ya wadatar, amma sai fata ta rufe sarai.

Abin da za a sa wa ido shi ne zafin da ya ƙi tafiya. Hukumar nan ta Amurka ta ce tsakanin mutum 10 zuwa 18 cikin 100 na waɗanda suka yi ananse zafin jijiya yakan zauna musu bayan fata ta warke, kuma ya fi kama tsofaffi. Gwaggona tana cikinsu. Wata shida ana ce mata ai ya warke, ta yi haƙuri, ita kuwa iskar fanka ma in ta taɓa wurin sai ta zabura. In ƙurajen sun warke zafin bai ragu ba, a koma asibiti, kar a jira wata uku su cika. Wannan zafin ba ya jin farasitamol. Likita yakan rubuta Amitriptyline, Gabapentin ko Pregabalin, a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa, kuma sai an yi sati biyu ko fiye kafin a ga amfaninsu, don haka kar a yar da su a kwana na uku. Suna sa barci da jiri. Direban trotro, wato bas ɗin haya, ko pragya ya gaya wa likita sana'arsa, tsohuwa kuma a kunna mata fitila a riƙe ta in za ta fita alwalar Asuba.

Akwai allurar rigakafin ananse mai suna Shingrix, da aka fara amfani da ita a 2017, ana yin ta sau biyu da tazarar wata biyu zuwa shida ga wanda ya kai shekara 50. Ba ta cikin alluran da gwamnati ke yi kyauta a nan. Wanda yake da hali, ko mai 'ya'ya a waje da yake kai musu ziyara, ya tambayi likitansa, ko da ya taɓa yin ananse, domin yana iya dawowa.